Dabarun Tara Kalmomin Ingilishi Domin Jarrabawar GRE: Tsaraba ga Ɗalibin Harshe

1.0 Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu, idan mun shiga aji huɗu, tunanin digiri na biyu yakan fara shigowa zuciya. Wasu nan gida za su yi, wasu kuwa idonsu yana kan jami'o'in ƙasashen waje, musamman na Amurka, inda ake samun tallafin karatu a fannin kimiyyar harshe da nazarin harsunan Afirka. Mai wannan buri yakan haɗu da wata jarrabawa da ake kira GRE, kuma sashenta na harshe shi ne ya fi kayar da mutane. Abin mamaki, har da mu da muke taƙama da cewa harshe ne sana'armu.

Ni ma na ɗanɗana. A hutun da ya wuce na zauna na yi gwajin wannan jarrabawa a kwamfuta, ina ganin ai wanda ya yi Ingilishi tun daga firamare ba shi da abin tsoro. Da sakamako ya fito, ko rabin tambayoyin ban ci ba. Jimlolin duk na karanta su tsaf, amma kalmomin da aka ce in zaɓa daga ciki, wasu ban taɓa gani ba, wasu kuma na san su da wata ma'ana dabam. Ranar na koma ɗaki jiki a sanyaye.

Abin da ya farfaɗo da ni shi ne tuna cewa wannan ba shi ne karo na farko da na tsaya gaban tulin kalmomin da ban sani ba. Ni ba Bahaushe ba ne. Yarabanci na tashi da shi a Ibadan, a unguwar Sabo na fara tsintar Hausa, sannan na zo wannan sashe na ci gaba da tara ta kalma bayan kalma. Sai na ce, hanyar da ta kai ni Hausa me zai hana ta kai ni wannan Ingilishin? Wannan maƙala za ta yi bayanin jarrabawar a taƙaice, ta nuna dalilin da ya sa kalmominta suke ba mu wuya, sannan ta kawo dabarun da na gwada na ga amfaninsu.

2.0 Mece ce GRE?

An fara wannan jarrabawa a Amurka a shekarar 1936, a ƙarƙashin Gidauniyar Carnegie, daga baya ta koma hannun hukumar ETS da aka kafa a 1947 a jihar New Jersey. Manufarta ita ce auna shirin ɗalibi na shiga karatun gaba da digirin farko. Tana da ɓangarori uku: rubutun insha'i, da lissafi, da harshe.

An yi mata manyan gyare-gyare a wannan ƙarni. A watan Agusta na 2011 aka cire tambayoyin nemo kishiyar kalma da na kwatanta dangantakar kalmomi biyu, aka kuma sauya maki daga tsarin 200 zuwa 800, ya koma 130 zuwa 170. A watan Satumba na 2023 aka gajarta ta, ta dawo ƙasa da awa biyu, alhali da tana kusan awa huɗu. Wannan yana da muhimmanci ga mai sayen littafin shiri a kasuwa, domin har yanzu akwai tsofaffin littattafai a hannun masu sayarwa, cike da irin tambayoyin da aka daina yi.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka binciki sashen da kake nema. Jami'o'i da yawa a Amurka sun daina wajabta GRE, musamman daga 2020, wasu kuma sun bar wa ɗalibi zaɓi. Jami'o'in Turai da aka sani da nazarin Hausa, irin su SOAS a Landan da Jami'ar Warsaw, tsarinsu dabam ne. Kuɗin jarrabawar da dala ake biya, kuma kowa ya san abin da wannan yake nufi ga aljihun ɗalibin Nijeriya. Sakamakon yana aiki tsawon shekara biyar.

2.1 Sashen Harshe

Sashen harshe kashi biyu ne. Na farko tambaya 12 cikin minti 18, na biyu tambaya 15 cikin minti 23. Ke nan tambaya 27 cikin minti 41, wato kimanin minti ɗaya da rabi ga kowace tambaya. Ƙoƙarin da ka yi a kashi na farko shi zai sa a ba ka kashi na biyu mai tsauri ko mai sauƙi, kuma mai tsaurin ne yake kai mutum ga babban maki. Ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka babu dalilin barin tambaya ba amsa. Tambayoyin iri uku ne:

i. Auna fahimta: a ba ka nassi daga fannin tarihi ko kimiyya ko adabi, a yi maka tambayoyi a kansa.

ii. Cike gurbi: jimla ko ɗan sakin layi mai gurbi ɗaya zuwa uku. Idan gurbi ɗaya ne, zaɓi biyar ake bayarwa. Idan biyu ko uku ne, kowane gurbi yana da zaɓi uku. Wanda ya kuskure gurbi ɗaya ya rasa makin tambayar baki ɗaya.

iii. Daidaita jimla: jimla mai gurbi ɗaya da zaɓi shida, ka fitar da kalmomi biyu da kowacce za ta cike gurbin, kuma jimlolin biyu su ba da ma'ana iri ɗaya. Nan ma babu rabin maki.

Abin lura shi ne, ba inda za a ce maka kawo ma'anar kalma kaza. Kullum kalmar a cikin jimla take. Don haka wanda ya haddace ƙamus bai san yadda ake amfani da kalmomin ba, ya yi aikin baban giwa.

3.0 Me Ya Sa Kalmomin Suke Ba Mu Wuya?

Amsar tana cikin tarihin harshen. Asalin Ingilishi ɗan'uwan Jamusanci ne. A shekarar 1066 Normaniyawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na tsawon ƙarnuka. Latin kuma shi ne harshen coci da makaranta, daga baya masana suka riƙa ɗebo kalmomi daga Latin da Girkanci suna zubawa a rubuce-rubucensu. Sakamakon haka, fiye da rabin kalmomin da ke cikin babban ƙamus na Ingilishi daga Latin da Faransanci suka fito.

Shi ya sa abu ɗaya yakan sami suna hawa-hawa. Ask ta gida ce, question ta Faransanci, interrogate ta Latin. Haka kingly da royal da regal. Ta farko ake ji a kasuwa, ta ƙarshe sai a littafin masana. Ɗalibin Hausa ya san irin wannan, domin haka Larabci ya yi wa Hausa. Muna da sani muna da ilimi, muna da duba muna da nazari, muna da gaskiya muna da haƙiƙa. GRE a hawan sama take kamun kalmominta, mu kuwa yawancin Ingilishinmu na yau da kullum a hawan ƙasa da na tsakiya yake.

Nawa ake bukata? Paul Nation, masanin koyar da kalmomi a Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, ya nuna a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin ƙagaggen labari na Ingilishi ba tare da yawan tuntuɓe ba, sai ya san kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafin, wanda ke bukatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Averil Coxhead kuwa ta fitar da jerin dangin kalmomi 570 a shekarar 2000, waɗanda suka fi yawan fitowa a rubutun ilimi. Wannan jeri tushe ne mai kyau. Wanda ya duba shi ya ga akwai waɗanda bai sani ba, daga nan ya kamata ya fara.

4.0 Dabarun Tara Kalmomi

4.1 Saiwa da Ɗafi

Wannan ita ce dabarar da muka fi kowa makamin yin ta, tun da mun yi darasin ginin kalma. Dubi waɗannan kalmomi na Hausa: hukunci, hukuma, hakimi, hikima. Dukkansu daga saiwar Larabci ɗaya suke, mai baƙaƙe h-k-m. Haka hijira da almajiri, haka ilimi da malami da alama. Wanda ya gane saiwar ya kama kalmomin da igiya ɗaya. Latin ma haka yake yi a cikin Ingilishi. Ga misalai:

i. loqu, magana: loquacious, mai yawan surutu, eloquent, mai fasahar magana, circumlocution, kewaye-kewaye a zance, grandiloquent, mai cika baki da manyan kalmomi, obloquy, zagi da suka a bainar jama'a.

ii. anim, rai ko zuciya: magnanimous, mai babbar zuciya da yafiya, pusillanimous, matsoraci mai ƙaramar zuciya, equanimity, natsuwa a lokacin tashin hankali, animosity, ƙiyayya.

iii. pugn, faɗa: pugnacious, mafaɗaci, impugn, a ƙaryata ko a tuhumi gaskiyar abu, repugnant, abin ƙyama.

iv. cred, yarda: credulous, mai saurin yarda, incredulous, wanda ya kasa gaskatawa, credence, amincewa da zance.

v. luc, haske: lucid, bayyananne, elucidate, a fayyace, pellucid, garau.

vi. plac, daɗaɗawa: placate, a lallasa, implacable, wanda ba ya lallasuwa.

Ɗafa-goshi ma yana da nasa aiki. Bene alheri ne, mal sharri, shi ya sa benevolent da malevolent suke kishiyoyi, haka benediction da malediction. Ɗafa-ƙeya kuma yakan faɗa maka ajin kalmar, ko suna ce ko sifa ko aikatau, kamar yadda -ci a Hausa yake nuna mana adalci daga adali. Littafin Norman Lewis mai suna Word Power Made Easy, wanda ya fara fitowa a 1949, a kan wannan hanya aka gina shi, kuma ba ya wuyar samu wajen masu sayar da littattafai.

Akwai wata 'yar garaɓasa ga masu Hausa. Wasu kalmomin Ingilishi daga Larabci suka zo, kuma 'yan'uwansu suna cikin Hausa. Cipher da sifiri uwarsu ɗaya, alchemy da kimiyya haka, admiral da amiru haka. Ba su da yawa, amma wanda ya gane dangantakar ba zai ƙara mantawa ba.

4.2 Inda Saiwa Take Yaudara

Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Saiwa jagora ce, amma wani lokaci takan kai mutum rami. Bell a cikin bellicose da belligerent yaƙi take nufi, amma a cikin embellish daga wata kalmar Latin take mai ma'anar kyau, don haka embellish ƙawatawa ce. Ped a cikin impede da expedite ƙafa ce ta Latin, a cikin pedagogue kuwa yaro ne na Girkanci. In- yakan kore ma'ana, amma invaluable abu ne mai darajar da ta wuce ƙima, inflammable kuma abu ne mai saurin kama wuta.

Waɗansu kuma kamanninsu ne ke ruɗarwa. Enervate ta yi kama da energy, alhali ma'anarta a raunana mutum. Noisome ba ta da alaƙa da hayaniya, wari da ƙazanta take nufi. Restive ba mai hutawa ba ne, mai tsuma ne da ya ƙi zama wuri ɗaya.

Sai tagwaye. Ina tuna wata rana a Sabo, ina sabon koyo, na shiga wani gida na ce wa matar gidan, "Mama, ina jin kishiya." Ƙishirwa nake nufi. Matan gidan sun yi dariya har da riƙe ciki, amma daga ranar ban ƙara haɗa kalmomin biyu ba. Ingilishi cike yake da irin waɗannan: veracity gaskiya, voracity haɗama, ingenious mai dabara, ingenuous mai farar zuciya da ba ya ɓoye-ɓoye, prescribe a umarta, proscribe a haramta, complacent wanda ya saki jiki da abin da ya samu, complaisant mai son faranta wa mutane. Maganinsu shi ne a rubuta su gefe da gefe a kati ɗaya, kowacce da jimlarta.

4.3 Sananniyar Kalma, Baƙuwar Ma'ana

A ganina wannan ya fi kowane tarko haɗari, domin ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Baƙuwar kalma tana sa ka yi hattara. Wadda ka sani tun firamare kuwa, wucewa kake yi ba ka ko waiwaya. Ga kaɗan daga ciki:

qualify: a yi wa magana togaciya, a rage mata ƙarfi
flag: a yi rauni, a gaji
arrest da check: a tsayar ko a dakatar da abu
pedestrian: lami, marar armashi
champion: a goyi bayan abu
temper: a sassauta
plastic: mai karɓar kowace siffa
appropriate: a ƙwace ko a keɓe wa kai
catholic: mai faɗi, wanda ya game komai
sanction: izini, kuma takunkumi

Mu 'yan Nijeriya muna da ƙarin nauyi, domin Ingilishinmu ya ba wasu kalmomi ma'anar gida. A nan severally tana nufin sau da yawa, a ƙamus kuwa ɗaiɗai ce, kowa da nasa. Muna kiran babbar riga bogus, alhali a can jabu take nufi. Muna kiran mai surutu lousy, su kuwa abu marar kyau suke kira haka. Impeach a bakinmu tsigewa ce, a asali kuwa tuhuma ce, har ana impeach ɗin shaida, wato a sa shakka a kanta. Opportune sifa ce ta abin da ya zo a kan kari, babu aikatau a cikinta. Ingilishin Nijeriya ba laifi ba ne, masana suna nazarinsa a matsayin nau'i mai zaman kansa. Sai dai mai jarrabawar da nasa ƙamus yake maka hukunci.

4.4 Tara Kalmomi Gida-Gida

Jerin kalmomi daga A zuwa Z shi ne mafi munin hanyar hadda. Na gwada, ban wuce harafin C ba, kuma abate da abet da abjure da abscond suka cakuɗe mini a ka. Tun da tambayar daidaita jimla kalmomi biyu masu makusanciyar ma'ana take nema, ya fi kyau a tara su gida-gida, kamar yadda Peter Mark Roget ya yi a littafinsa na 1852. Misali:

Gidan ƙarancin magana: laconic, terse, taciturn, reticent, succinct.
Gidan surutu: garrulous, loquacious, voluble, verbose, prolix.
Gidan taurin kai: obdurate, intransigent, recalcitrant, obstinate, refractory.
Gidan suka: castigate, excoriate, censure, upbraid, berate.
Gidan lallashi da sassautawa: mollify, assuage, appease, mitigate, placate.
Gidan abin da ba ya daɗewa: ephemeral, transient, evanescent, fleeting.

Amma 'yan gida ɗaya ma kowa da halinsa. A Hausa, tattali da tsimi da rowa da maƙo duk sun shafi riƙe dukiya, amma na farko yabo ne, na ƙarshe zagi. Haka frugal da thrifty yabo ne, parsimonious da miserly zagi. Saboda haka a gefen kowace kalma nakan sa alamar tarawa idan ta yabo ce, alamar ɗebewa idan ta kushe ce. Sau da yawa a cikin jarrabawa ma'anar takan ɓace mini, amma alamar ta tsaya, kuma ita kaɗai takan isa ta kore zaɓi biyu ko uku.

4.5 Kalmomi Masu Labari

Kalmar da take da labari ba ta da wuyar riƙewa. Laconic daga Lakoniya take, ƙasar mutanen Sparta da aka sani da gajeren zance. Draconian daga Draco ne, mai tsara dokokin Atina masu tsanani a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa. Ostracize daga tsingaro ne, domin a kan fasasshiyar tukunya mutanen Atina suke rubuta sunan wanda suke so a kora daga gari. Pyrrhic daga Sarki Pyrrhus ne, wanda ya ci Rumawa da yaƙi amma ya yi asarar da ta sa nasarar ta zama kamar faɗuwa. Quixotic daga jarumin littafin Cervantes na 1605 ne, mai burin da ba ya yiwuwa. Boycott sunan wani wakilin mai gonaki ne a Ireland da jama'a suka ƙaurace wa a 1880. Duk ƙamus mai kyau yana kawo asalin kalma. Minti ɗaya da za ka ɓata wajen karanta shi ya fi maimaitawa goma.

4.6 Tishi da Tazara

A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya haddace gaɓoɓi marasa ma'ana ya riƙa auna yadda yake manta su. Ya gano cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, daga nan sai ta lafa, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Almajiran makarantar allo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba sa barin tishi.

A 1972 wani Bajamushen, Sebastian Leitner, ya mayar da wannan tsari mai sauƙi. Ka yanka kwali ƙanana, gaba ka rubuta kalma, baya ka rubuta ma'ana da jimla. Ka tanadi akwati mai gida uku zuwa biyar. Kwalin takalmi ya isa. Sabon kati a gida na farko yake, kullum ana duba shi. Idan ka tuna ma'anar, ya haye gida na biyu, wanda ake dubawa bayan kwana biyu ko uku, haka har gida na ƙarshe da sai bayan makonni. Duk katin da ka manta, ko ina ya kai, gida na farko zai dawo. Manhajar Anki da ta fito a 2006 wannan aiki take yi a waya. Ni dai kwali nake amfani da shi, domin ba ruwansa da caji.

Sharaɗi biyu ne. Na farko, kada ka juya katin sai ka yi ƙoƙarin tuno ma'anar da kanka, domin binciken Roediger da Karpicke na 2006 ya nuna cewa tunowa ta fi sake karantawa kafa abu a ƙwaƙwalwa. Na biyu, jimlar da ke bayan katin taka ce, game da mutanen da ka sani. Na riƙe garrulous ne saboda wani direban motar da nake shiga, na riƙe parsimonious saboda wani kawuna. Ina kuma rubuta ma'anar da Hausa, wani lokaci da Yarabanci. Ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990 ya taimake ni, kodayake ba duk irin waɗannan kalmomi ne ke ciki ba. Inda babu, ni nake nemo fassarar, sai ya zama jifa ɗaya na yi, Ingilishina da Hausata duk suka ƙaru.

4.7 Karatu

Kati yana ba ka kalma, karatu ne yake nuna maka mazauninta. Ka riƙa karanta rubutu mai nauyi na minti talatin a kullum: sharhin jaridu irin su The Economist da The Atlantic, da mujallar Scientific American, da maƙalun fanninmu. Na gida ma akwai, domin wanda ya karanta rubutun zube na Wole Soyinka ya san ba a rabuwa da ƙamus. Kada ka tsaya a kan kowace baƙuwar kalma. Ja layi a ƙarƙashinta, yi hasashen ma'anarta daga jimlar, sai ka gama shafin ka duba ƙamus. Wannan hasashe shi ne ainihin abin da jarrabawar take aunawa.

5.0 Mu Gwada Tare

Ga tambayar daidaita jimla da na tsara:

Although the chairman was known for his ______ speeches, on that day he spoke for almost three hours.
A. laconic B. florid C. terse D. candid E. garrulous F. caustic

Kafin ka dubi zaɓi, nemi mahaɗin. Although tana nuna saɓani: ranar ya yi dogon jawabi, ke nan abin da aka san shi da shi gajere ne. Ka sa kalmarka a gurbin, misali short, sannan ka nemi 'yan gidanta. Laconic da terse ne, wato A da C. Garrulous tarko ce ga wanda ya ga awa uku ya manta da although. Florid mai ado ce, candid mai faɗin gaskiya, caustic mai zafin baki. Ba wadda ta shafi tsawo.

Ga ta cike gurbi:

The new evidence, far from ___1___ the dispute among historians, only ___2___ it, since each side read the documents as support for its own view.
Gurbi na 1: settling, provoking, concealing
Gurbi na 2: mitigated, exacerbated, obviated

Fara da inda aka ba ka dalili. Bayan since an ce kowane ɓangare ya ɗauki takardun a matsayin hujjarsa, ke nan rigimar ƙaruwa ta yi. Exacerbated ce ke nufin tsananta abu, mitigated sassautawa, obviated kawar da bukata. Far from kuma tana neman kishiyar abin da ya faru, wato settling. A nan za ka ga ilimin ginin jimla ya yi rabin aikin. Ƙananan kalmomi irin su although da despite da yet da far from masu juya zance ne, since da thus da indeed da moreover kuma masu ci gaba da shi.

6.0 Tsarin Wata Uku

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga tsarin da nake bi, kowa yana iya gyara shi daidai da lokacinsa. Sabbin kalmomi goma a rana, kwana shida a mako, rana ta bakwai tishi kawai. A mako 12 an sami kalma 720. Watan farko a fi ba da ƙarfi ga saiwa da ɗafi. Wata na biyu a koma gidajen kalmomi da sanannun kalmomi masu baƙuwar ma'ana. Wata na uku a rage sabbi, a yawaita amsa tambayoyi da agogo a gaba, musamman gwajin POWERPREP na masu jarrabawar, domin tambayoyinsu sun fi na kowa kama da na gaske. Duk tambayar da ka faɗi, rubuta dalili: rashin sanin kalma ne, ko rashin lura da mahaɗi, ko gaggawa? Bayan mako biyu za ka ga inda ciwonka yake.

Idan da hali, ku haɗu ku uku ko huɗu. Mu a ɗakinmu, kowane dare mutum ɗaya yakan jefo kalma, na kusa da shi ya kawo 'yar gidanta, na gaba ya kawo kishiyarta, na ƙarshe ya sa ta a jimla. Wanda ya kasa shi zai ɗebo ruwa da safe.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi bayanin sashen harshe na jarrabawar GRE, ta nuna cewa wahalar kalmominta daga tarihin aron da Ingilishi ya yi take, sannan ta kawo dabaru bakwai na tunkarar su. Ban ce na gama ba, domin har yanzu gida na farko na akwatina bai taɓa zama fayau ba. Amma da na sake gwaji bayan wata biyu, na wuce rabi da tazara, kuma maƙalun kimiyyar harshe da nake karantawa don kundin digirina sun daina yi mini duhu kamar da. Ko wanda ba shi da niyyar zama wannan jarrabawa zai amfana da wannan.

Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan aji biyu da uku, ita ce ku fara tun yanzu, ko da kalma biyar ce a rana. Ilimin saiwa da ɗafi da ma'ana da malamanmu suka ba mu a darasin Hausa, shi ne dai ake bukata a nan. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu sa'a, amin.